Ɗinkin Jar Fata a Wuyan Babur

Malama, ki rubuta yadda na faɗa. In kin ji na yi shiru, kuka ne, ki ɗan jira ni.

Maigidana ya rasu farkon bazara. Kwana uku ya yi yana riƙe ƙirji, a na huɗu aka fita da shi. Ban san lissafin shekarun da muka yi tare ba. Na dai san ranar da aka kawo ni gidan nan itacen bedin da ke ƙofa bai kai ƙuguna ba, yau kuwa a inuwarsa aka yi zaman makokinsa. Abin da ya bari ba shi da yawa: gona biyu, rumbu, jakar kayan dukanci, sai wani tsohon babur ja da ya saya shekarar da ya sayar da bijiminsa. A kansa yake kai ni kasuwar Matankari. Ƙarfen baya nake riƙewa, don kunyar in riƙe shi a gaban mutane, shi kuwa ya dinga cewa, "Ranar da kika faɗo, ba ni tsayawa."

Duk tsawon takabata babur ɗin yana zaure, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Kaji har ƙwai suka yi a ƙarƙashinsa. Ban iya dubansa ba. In iska ta kaɗo warin mai daga zauren, sai in ji kamar shi ne ya shigo, in miƙe zan ɗebo masa ruwa, sannan in tuna.

Da aka raba gado, babur ya faɗa rabon ɗana. Shi ne ɗan farina, kuma shi kaɗai ne namijin da ƙasa ta bar mini, sauran biyu tun suna goye suka koma. Ban taɓa kiran sunansa ba. Magana ma in ta zama dole, sai in bi ta bakin wani, ko in faɗa wa bango shi ya ji. Haka muka tarar ana yi da ɗan fari. Yanzu magidanci ne da furfura a gemu, yana da shagon shinkafa da mai a Dogon Dutsi. Can ya shiga cikin masu zuwa wa'azi, ya ɗage wando, ya daina abubuwa da yawa na gida. Ɗa ne na kirki, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Amma a shekarun ƙarshe wani sanyi ya shiga tsakaninsa da ubansa. Gaisuwa, sai shiru. Ban tambaya ba.

Dole in faɗi wani abu game da gidan nan. Uwar maigidana 'yar bori ce, tana da doguwar da take yanka wa baƙar akuya. Shi kansa da ƙuruciya aikinsa ɗinkin layu, malamai su rubuta, shi ya rufe da jar fata. Daga baya ya bari, ya koma gyaran guga da takalma, ya riƙe sallarsa. To wata rana na ji ɗan nan a zaure yana faɗa wa wasu samari cewa duk wanda ya mutu da laya a rataye, ya mutu da shirka, sai abin da Allah ya yi da shi. Ina daka a lokacin. Maganar ta shiga kunnena ta zauna.

Na fita takaba hatsi ya kai gwiwa. Ɗana ya aiko cewa washegari zai zo ya ɗauki babur. Da hantsi na ce bari in share masa ƙura, kada ya tarar da kayan ubansa cikin kashin kaji. Na yaye tabarma, na jiƙa tsumma, ina gogewa ina hawaye. Da na zo ƙarƙashin fitila, wurin wuyan da ke juyawa, hannuna ya taɓa wani abu. Na sunkuya. Ɗan abu ne kamar yatsa biyu, mai kusurwa huɗu, an rufe shi da jar fata da ta yi baƙi don tsufa. Ɗinkin kuwa nasa ne. Na san ɗinkinsa kamar yadda na san tarinsa.

Na zauna a gindin babur ɗin. Na ce wayyo, bawan Allah, ashe ba ka bari ba. Na tuna gobe ɗan nan zai sa hannu a wurin nan, ya gani, ya tafi da wannan a ransa har ya mutu. Wa ya sani ko zai ci gaba da yi wa ubansa addu'a da zuciya ɗaya?

Na ɗauko wuƙar da nake yanka albasa. Abin yana maƙale da igiya ta sama da ta ƙasa. Wuƙar ta sha wuya, na ce a raina da waya ya ɗaure don kada a cire. Sai da ya faɗo hannuna na ga jan ƙarfe yana ƙyalli a bakin yankan. Gabana ya faɗi, amma an riga an yi. Na tura bakin wayoyin cikin baƙar rigar robar da sauran wayoyi suke bi, na naɗe wurin da tsinken robar taya daga jakar maigida, har ya zama kamar ba a taɓa ba. Fatar kuma na kai gindin rumbu na tona rami na rufe, na ɗora dutse. Na ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Washegari bayan azahar ya iso a motar kasuwa, da kwalbar mai a hannu. Ya gaishe ni daga bakin ƙofa, na amsa ina duban turmi. Ya shiga zaure. Ta kafar zana nake kallonsa. Kafin ya taɓa komai, sai na ga ya sunkuya ya shafa wuyan babur ɗin, daidai wurin nan. Ya sake shafawa. Ya ɗago, fuskarsa ta saki, na ga leɓensa yana motsi da hamdala. Ban gane dalili ba a lokacin, na dai ji daɗi.

Ya zuba mai, ya kwance buji mai ba inji wuta ya goge, ya yi ta bugawa da ƙafa. A bugu na wajen goma babur ya tashi. Wannan ƙara, malama. Wata huɗu da kwana goma ban ji ta ba. Na zauna a kan turmi na rufe fuska da zane.

Ina cikin haka na ji yana danna wani abu, ƙas, ƙas, ƙas. Ham ya yi kuka. Ya sake dannawa. Ya zagayo gaba ya leƙa fitila, ya buga ta da tafin hannu. Babu wuta.

Tun daga nan na san abin da na yi.

Ya kira ƙanin maigida a salula. Shi mai gyaran babura ne a bakin kasuwar Matankari, tsoho ne shi ma, ba ya rabuwa da goro, kuma tun ina amarya abokin wasana ne. Bai jima ba ya iso a kan nasa babur, jakar ƙarafa a baya.

"Ina matata?" ya ce tun daga ƙofa. "An ce kin fita takaba. To ga ni, na zo biko."

Na ce, "Mai haƙori uku? Ka fara biyan bashin goron da ka ci mini tun ina amarya."

"Ji ta! Haƙori huɗu ne, ɗaya yana ciki yana hutawa."

Ya yi dariya, sai idonsa ya faɗa kan babur ɗin yayansa, dariyar ta tsaya. Ya share ido da hula, ya tsuguna.

Aka turo babur ƙarƙashin bedi. Na kawo musu fura, na koma bakin zaure na zauna inda nake ganin hannunsa. Ya sa turnabis ya kwance kusoshi biyu na zoben fitila, ya ba ɗana ya riƙe. Ya zaro gilashin da kwanonsa a hankali, wayoyi na biye da shi. Ya murɗa wani abu a baya, ya fito da ƙwan fitilar. Ya ɗaga shi sama yana ƙanƙance ido.

"Dubi yadda ya yi baƙi. Wannan ƙwai ya girmi auren wasu. Yaya kenan, sai abu ya mutu murus yake sakewa."

Na ji wani sanyi. Na ce a raina, Allah ka sa ƙwan ne. Allah ka sa abin da na yanke ba shi da wani aiki.

Ya ciro sabon ƙwai daga ɗan kwali a aljihunsa. Ɗana ya miƙa hannu, ya buge hannun.

"Ba a taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu na ƙona shi. Kai ka san farashin shinkafa, ni na san wannan."

Da bakin rigarsa ya riƙe ƙwan, ya zura shi, ya danna ya murɗa har ya zauna. Ɗana ya buga babur, ya danna. Dukanmu muka zuba wa fitila ido. Ba ta ko ƙifta ba.

"Ikon Allah," in ji ƙanin maigida. Ya cire sabon ƙwan ya kai kan nasa babur ya gwada, nan take ya kama. "To ƙwai lafiyarsa lau. Wuta ce ba ta zuwa."

Ya buɗe madannin da ke hannun babur, ya kankare tsatsa da bakin wuƙa, ya busa, ya mayar. Babu. Ya buɗe murfin gefe ya duba batir, ya ɗaure kawunansa. Babu. Ya bi wayoyin da ke cikin kwanon fitila ɗaya bayan ɗaya yana ja. Sau biyu yatsansa ya bi ta kan robar da na naɗa. Duk sau biyun na daina numfashi. Ya wuce, don duk jikin babur ɗin ɗaurin roba ne irin na maigida.

Suka tashi suka yi la'asar. Ni ma na yi, amma ban san abin da na karanta ba. Da na fito na dubi gabas, na ga hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin daga ƙasa.

Ƙanin maigida ya ce, "Waya ta katse a cikin riga, ko ɓera ya ci. Sai an ɗaga tanki an feɗe ta tun daga wuya har wutsiya. Aikin yini ne, idona kuma ba na yamma ba ne. Ka kwana, gobe da safe mu yi."

Ɗana ya ce, "Baba, ba ni iya kwana. Mai ɗakina watanta ya tsaya, ita kaɗai na baro a gidan haya. Motar da ta kawo ni kuma ta koma."

"To ɗauki nawa."

"Naka da ke mutuwa in ya ga ruwa? Kai da kanka ka faɗa."

"Wannan ƙarya ce ta masu hassada. Amma gaskiya ne."

"Zan tafi da wannan. In duhu ya kama ni, in ɗaura salula a gaba, tana da tocila."

"Tocilar salula! Kina jin ɗanki, matata? Yanzu ne amalanke ke dawowa daga gona, jaki ba shi da fitila, mai jakin yana barci. Ga rairayi har ka kai babbar hanya, ga ƙoramar nan in ta kawo. Hadarin nan kafin magariba zai rufe gari."

"Allah na nan, Baba."

"Allah na nan, shi ne ya ba mu fitila."

Ɗana ya sunkuya gaban babur. Ya mayar da gilashin, ya ɗaure kusoshi, ya ɗaura buhun wake da na ba shi a baya. Irin taurin kan ubansa ne, na san ba mai juya shi.

Ina zaune ina auna abu biyu. In na yi shiru, sunan maigidana ya tsira a wurin ɗansa, ɗan kuma ya shiga duhu da ruwa ba fitila. In na yi magana, fuskar nan da na ga ta saki da azahar za ta sake ɗaurewa, wataƙila har abada. Na ga amalanke a idona, na ga sandar da ke fitowa ta bayansa. Na binne 'ya'ya maza biyu, na binne ubansu. Iska ta fara kaɗa ganyen bedi. Ya hau, ya sa ƙafa.

Na ce, "Kai. Sauka."

Tun da na haife shi ban taɓa dubansa ido cikin ido na yi masa magana haka ba. Ya tsaya da ƙafa a sama. Ƙanin maigida ma goro ya tsaya masa a baki.

Na je gindin rumbu, na ture dutse, na tona da hannu. Na kawo abin, da ƙasa a jikinsa, na ajiye a kan sirdin babur.

"Ni na yanke shi jiya. A nan yake, ƙarƙashin fitila. Ban so ka gani ba."

Ɗana ya dubi fatar. Fuskarsa ta yi abin da nake tsoro. Ya ce a hankali, "Ashe ba shi ya cire ba."

Na ce, "Ka san da ita?"

"Shekara uku, Inna. Na gan ta, na ce ya cire, na kawo masa ayoyi. Ya dube ni ya ce, ranar da babur ya zama naka ka cire. Tun ranar ban sake hawa bayansa ba. Ɗazu da na shafa ban ji ta ba, na ce Allah ya sa ya tuba kafin ya cika."

Na fashe da kuka. Ƙanin maigida ya matso. Ya ɗauki abin yana juyawa, ya dubi jan ƙarfen da ke leƙowa ta kowane gefe.

"Wace irin laya ce waya ke shiga ta nan ta fita ta nan?" ya ce. "Ba ni wuƙar."

Ɗana ya ce, "Baba, a ƙone ta kawai."

"Sai na ga abin da zan ƙona."

Ya bi ɗinkin da bakin wuƙa, zare bayan zare. Ɗinkin ya yi ƙarfi, maigida ba ya aikin wasa. Fatar ta buɗe a tafin hannunsa. Ba takarda, ba saiwa, ba gashi. Bakin waya biyu ne aka murɗe su wuri ɗaya, aka naɗe da guntun robar taya.

Ƙanin maigida ya zauna daɓas a ƙasa. Ya fara dariya, dariyar ta koma kuka, yana cewa, "Yaya, yaya! Waya ta tsinke maka, maimakon ka kawo wa ƙaninka, ka zauna ka ɗinke ta kamar layar jariri. Don kada a ce na fi ka sanin abu!"

Haka ne kuwa. Hannunsa ɗinki ɗaya ya sani. Ko tsinken guga zai rufe, kusurwa huɗu yake yi masa da jar fata. Ni da na kwana ɗaki ɗaya da shi tun bedi bai kai ƙuguna ba, ni ya kamata in fara tuna haka.

Ɗana ya karɓi fatar. Ya juya mana baya, ya fuskanci katanga. Kafaɗunsa kawai nake gani suna rawa.

Tsawa ta yi daga nesa. Ƙanin maigida ya miƙe ya ce, "Kuka sai gobe. Matata, nuna mini inda kika yi kaciyar."

Na nuna masa. Ya warware robar da na naɗa, ya sa ɗan ƙarfe ya zaƙulo bakin wayoyin daga cikin riga. Ba su kai juna ba, saboda abin da na yanke. Ya ciro guntuwar waya daga jakarsa, ya fere bakunan, ya murɗe nan, ya murɗe can, ya naɗe da baƙin sikoc, robar nan mai danƙo ta naɗe waya. Ya sake kwance fitila ya mayar da sabon ƙwan, ya tabbata ya zauna daidai, ya ɗaure. Ya ce a tura babur bakin zaure inda ya fi duhu.

Ɗana ya buga, ya danna. Haske ya faɗa jikin bangon zaure, daidai ƙusar da maigida ke rataya hularsa. Ya danna babba, ya danna ƙarama, duka suka kama.

"Maza," in ji ƙanin maigida. "Kada ka tsaya gaisuwa."

Ɗana ya sa fatar a aljihun ƙirji. Ya zo gabana ya tsuguna, ya ce, "Inna, ki yafe mini. Shi ba ni da inda zan same shi." Na miƙa hannu. Na dafa kansa, abin da rabona da yi tun yana rarrafe.

Na tsaya a ƙofa ina kallon hasken yana tsalle tsakanin gonakin hatsi har ya ɓace. Ruwa ya sauko kafin a kira magariba. Ƙanin maigida ya fake a zaure, salularsa a kan gwiwa, ni ina bakin ƙofa daga ciki. Ba wanda ya yi wasa. Duk walƙiyar da aka yi sai in ga amalanke. Ruwa bai gama ɗaukewa ba salular ta yi kuka, ya saurara, ya ce, "Ya isa gida. Ya ce amalanke biyu ya kauce wa a bakin ƙorama." Na yi sujada a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Har yau abin da ke hana ni sukuni, don me bawan Allahn nan bai buɗe baki ya ce wa ɗansa waya ce ba? Kalma biyu. Shekara uku suna gaisuwa kamar baƙi. Na yi masa wannan tambaya ba adadi, ina duban ƙusar hularsa. Wata rana in ce girman kai ne, wata rana in ce zafin ɗan cikinsa ya zarge shi ne ya rufe masa baki. Ni ma da na zarge shi yana kabari, ban san da wane ido zan dube shi ba.

Matar ɗana ta sauka bayan kwana shida, namiji, aka mayar da sunan maigida. Kin ga shi ma ba ni da bakin kiransa. Bayan suna ɗana ya kawo babur, ya miƙo mini fatar da basillar ubansa, ya ce sikoc ba ya jure rana. Na ɗinke ta a wurinta. Ɗinkina bai kai nasa ba, kusurwa ɗaya ta karkace.

Yanzu duk zuwan da zai yi, ko da rana tsaka zai koma, in ya hau sai in ce wa bango, "A duba fitila." Shi kuma ya juyo da babur bakin zaure, ya kunna, ya jira har in ce na gani.